Yarona ya gama koyon kafinta, wai sai ya tafi yawon shekara 3

Baban Nasiru: Salamu alaikum 'yan uwa. Yarona ya gama koyon aikin kafinta a nan Jamus, ya kafe sai ya tafi abin da suke kira Walz. Shekara 3 da kwana 1 yana bin gari gari yana aiki, ba waya, kuma ba zai matso gida da kilomita 50 ba. Sharaɗi kada ya kai shekara 30, ba aure, ba bashi. Ga shi na riga na yi masa maganar 'yar ƙanwata. In bar shi?

Ɗan Zango: Alhaji, almajirancin Turawa ke nan, allo kawai ya rage.

Hajiya Ummi: Ka saya masa waya mai kyau ku riƙa gaisawa.

Baban Nasiru: Hajiya, na ce ba a tafiya da waya.

Usta: Na zauna da irinsu a wurin aiki. Baƙaƙen kaya, faffadar hula, sanda, da littafin da kowane gari ke buga wa hatimi. Hannunsu ya faɗa sosai. Kayan wajen yuro 400.

Mai Guduma: Ina! Wanda na sani ɗinka masa aka yi, ya haura 1000.

Tela Sani: Ku bar zancen hula. Shekara 6 na yi a shagon maigidana, shara, guga, aiken uwargida. Ranar yaye ko almakashi bai ba ni ba. Na tafi Kumasi da kuɗin aro, wata 8 ina kwana a kan teburin yanka, na dawo na tarar wadda nake nema har ta haihu. Kada ka bar shi, Alhaji.

Usta: Allah sarki. Amma can albashi ake biyansu, ba ɗaya ba ne.

Tela Sani: Wato wanda bai hau jirgi ba ba shi da bakin magana?

Ɗan Zango: Ka hau mota dai, mun shaida.

Mai Guduma: Sani ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Nawa maigidan sai da na kawo rago da katan na lemo kafin ya sallame ni. Me ya sa yaron da ya yi bauta shi ne kuma zai biya?

Hajiya Ummi: Rago kawai? Ɗan yayata har shadda aka ce ya kai.

Baban Nasiru: To jama'a, maganar yarinyar fa?