Mahaifina tsohon sojan Najeriya ne, yana hannuna a Tahoua, yaya zan yi da maganinsa?

Mai tambaya, daga Tahoua:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan mahaifina. Tsohon sojan Najeriya ne, yana cikin waɗanda aka kai Laberiya a ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1990, can ya samo raunin ƙugu da yake ɗingishi da shi har yau. Da Inna ta rasu bara, na ɗauko shi daga ƙauyenmu na wajen Illela ta jihar Sakkwato na kawo shi nan inda nake aure, don babu mai ɗora masa ko ruwan zafi. Yanzu ga ciwon suga, ga hawan jini, ƙugun ma ya motsa har ba ya barci.

Makon jiya na kai shi wani asibiti. Ya ciro katinsa na lafiyar soja ya miƙa, ma'aikacin ya juya shi gaba da baya ya ce bai san wannan ba, mu biya kamar kowa. Mun biya. Baba bai ce uffan ba sai da dare, ya ce mini, "Ashe iyaka tuɓe wa mutum kaki take yi." Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Magani kaɗai yana cin kusan jika 30 a wata, fanshonsa kuwa in an canja naira zuwa sefa ba ya taka kara ya karya. Shin soja ba ya da haƙƙin magani a ƙasar da ba tasa ba? Ko dole in maida shi gida?

Wata 'yar'uwa, daga Yamai:
Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki. Ki riƙa kai shi na gwamnati. Tun Satumban 2024 aka rage rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje a asibitocin gwamnatin Nijar.

Wani tsohon soja, daga Sakkwato:
Ɗiyata, ki gaida mini da shi, ki ce wani ɗan uwansa cikin mazan jiya na yi masa sannu. Kada ya ga laifin yaron can. Katinmu na DHML ne, hukumar da ke riƙe da inshorar lafiyar sojan Najeriya, masu aiki da masu ritaya. Da asibitocin da ta yi wa rajista take hulɗa, su take biya. Ma'aikacin Tahoua in ya karɓi katin, wa zai bi kuɗinsa? Amma haƙƙin Baba yana nan daram, yana jiransa a wannan ɓangaren iyaka. Daga Ƙonni zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba. Ku zo da shi asibitin barikin Giginya da katin da takardar sallamarsa daga aiki, a duba sunansa a rajista. In aikin ƙugun ya fi ƙarfinsu, su ne za su rubuta masa takardar turawa gaba, kuma ga asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a garin.

Abu guda da nake jin tsoro ya wuce ku: tantancewar da hukumar fanshon soja take yi lokaci zuwa lokaci. Tsoho in ya yi nisa da gida ba ya jin sanarwa. Ki samu wani abokin aikinsa da zai riƙa kiranki duk lokacin da aka fara.

Wani ɗan'uwa, daga Madawa:
Ni dai gaskiya, Yaya, ki maida shi gida kawai. Inda gatansa yake, can ya kamata ya zauna.

Wata ma'aikaciyar jinya, daga Tahoua:
A'a Malam, ban yarda ba. Mai suga da hawan jini abin da ya fi buƙata shi ne wanda zai kula da tuwonsa, ya tuna masa ƙwayar safe da ta dare, ya duba tafin ƙafarsa ko ya ji ciwo bai sani ba. Kati ba ya yin wannan, 'yarsa ce take yi. 'Yar'uwa, ki raba abin biyu. Awon suga da na jini a yi shi nan kusa da ke. Babban aiki irin na ƙugu, shi za a tsallaka dominsa. Ki sa likitan nan ya rubuta sunan asalin maganin, ba sunan kamfani ba, domin sunayen kwalaye a farmasin Nijar da na Najeriya sukan bambanta, sai a ba tsoho magani ɗaya sau biyu da suna biyu. Na ga an yi haka, kuma ba ƙaramin haɗari ba ne.

Wani ɗan Nijar da ya yi aikin soja a Amurka, yanzu yana Yamai:
Hajiya, tambayarki tana kan hanya, don akwai ƙasashen da haƙƙin ke bin sojansu duk inda ya je. Ni ina cikin shirin da ma'aikatar tsofaffin sojan Amurka take kira FMP. Ina zaune nan Yamai, in je likita in biya, in aika rasiɗi da takardar likita, a maido mini kuɗina. Sai dai ciwon da suka riga suka tabbatar a wurin aiki na same shi kawai suke biya. Gwiwata tana ciki, zazzaɓin cizon sauro kuwa daga aljihuna. Kin ga ko a nan Amurka ce ke biya, Nijar ba ta ɗauki nauyina ba.

Shi ya sa nake roƙonki ki nemo duk takardar da ta nuna a fagen daga Baba ya ji wannan rauni. Ki ɗauki hotonsu a waya, ki aje asalin cikin leda. Ki riƙa tara rasiɗin nan ma, ki nuna a can ki ji abin da za su ce.

Wani malamin makaranta, daga Ƙonni:
Maganar Baba ta tuna mini kakana, wanda ya yi wa Faransa soja. Dokar Faransa ta 1959 ce ta daskarar da fanshon 'yan Afirka da suka yi mata soja, suka yi shekaru suna karɓar abin da bai kai na Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya da shi ba. Sai 2007 aka fara daidaitawa, aka ƙarasa a 2011, lokacin yawancinsu sun kwanta dama. Waɗanda suka rage a Faransa kuma dole su yi wata shida can kowace shekara kafin a ba su tallafin tsufa, sai 2023 aka ɗage musu sharaɗin, tara daga cikinsu suka koma Senegal a watan Afrilu. Ki gaya wa Baba ba shi kaɗai iyaka ta yi wa haka ba, kuma ni a ganina ƙasashen da suka haɗa sojansu a yaƙi ɗaya ya kamata su haɗa kai a kan jinyarsu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Baba amsoshinku duka. Da na zo kan gaisuwar Baban Sakkwato sai ya gyara zama, ya tambayi wace bataliya ya yi. Mun buɗe tsohuwar akwatinsa ta ƙarfe, takardar sallama tana nan, da wata ta asibitin soja da ta yi maganar ƙugun, gefenta kaɗan gara ta ci. Maigidana ya ce ranar Litinin zai raka mu har Sakkwato, in Allah ya kai mu. Baban Sakkwato, don Allah ƙarfe nawa ya kamata mu isa barikin?