Tun da aka taɓa kwamfutar motata ta canza hali, ina mafita?

Mai tambaya, daga Ringim: Assalamu alaikum iyayen gida. Ina da ƙaramar motar kaya mai shan gas (dizal), 'yar Kwatano, ina lodin hatsi daga kasuwar Gujungu zuwa Dawanau. Fitilar injin ce ta ishe ni da kamawa, na kai ta Kano wajen mai kwamfuta, ya ce manhajarta ta tsufa, ya zuba sabuwa. Fitila dai ta mutu, amma motar ba ita ba ce. In na taka totur daga tsaye sai ta yi jim kafin ta amsa, da lodi kuwa sai na sauko giya a inda da ba na saukowa. Wani lokacin silo, wato jujjuyawar inji in mota na tsaye, ya hau da kansa, in na kashe ta fanka ta yi ta gudu, ga ƙauri daga ƙasa. Gas ma ya ƙara tafiya. In koma a mayar mini da tsohuwar ne, ko in haƙura?

Wani direba, Gumel: Wa alaikumus salam. Malam, motar da ke tafiya lafiya ba a kai ta wajen masu waya. Koma ya ba ka abinka.

Bakanike, Hadejia: Oga, a bi a hankali. Abu biyu ne a maganarka, kada a haɗa su. Hawan silo, gudun fanka da ƙaurin nan ba ciwo ba ne. A cikin salansa akwai matatar hayaƙi, DPF, in ta cika da baƙi sai kwamfuta ta ƙara watsa gas don zafi ya kai wajen digiri 600 ya ƙone shi. Kana kashe ta ne tana tsakiyar aikin. In ka ji ta fara, kada ka tsaya, hau kwalta ka yi minti ashirin zuwa talatin kana tafiya sosai. Kuma ka riƙa zaro sandar baƙin mai da safe. In ka ga yana ƙaruwa maimakon raguwa, yana warin gas, juye shi ranar nan, don ya tsinke.

Jinkirin totur shi ne abin bincike. Kowace nozul, wato abin da ke fesa gas cikin inji, a irin waɗannan injina tana da lambarta a jiki. In an goge lambobin daga kwamfutar motar ba a sake shigar da su ba, awon gas ɗin ba zai yi daidai ba.

Malamin makaranta, Kazaure: Ƙarin bayani kaɗan. Bayan abin da ya faru da Volkswagen a 2015, da aka gano manhajar da ke ɓoye yawan gurɓataccen hayaƙi a motoci kusan miliyan 11, an kira motocin gas da yawa a Turai an sauya musu manhaja. Irin wannan sauyin yakan sa bawul ɗin EGR ya fi buɗewa, yana mayar da hayaƙi cikin injin don rage zafin ƙuna. Iskar da ke fita takan yi sauƙin guba, amma baƙi ya ƙaru, matatar ta riƙa cika da wuri. Kuma an tsara manhajar ne da gas ɗin Turai mai tsabta, ba na jarka a bakin titi ba.

Direban Gumel: Malam ya kawo karatu. Mu dai a nan fasa matatar ake yi a huta.

Bakanike: Haba Alhaji! A fasa ba a gaya wa kwamfuta ba, sai ta riƙe motar ta hana ta gudu, ga baƙin hayaƙi a fuskar masu talla. Mai tambaya, kafin ka kashe kuɗi, cire filtar iska ka ɗaga ta a rana. Da ƙurar hunturun nan, in haske bai ratsa ba canza ta, a wanke sensar iska, a sauya filtar gas. Sannan ka koma wajen mutumin da tambaya uku: ya ajiye tsohuwar manhajar kafin ya goge? Sabuwar ta dace da lambar shasi da lambar injinka? Ya shigar da lambobin nozul? In ya fara sosa ƙeya, ɗauki motarka ka nemi wani.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na buga masa, ya ce tsohuwar tana nan a kwamfutarsa, amma nozul bai taɓa su ba. Filta kam na duba, ta toshe ƙwarai, yaro ya tafi sayo wata. Oga, in an shigar da lambobin sai in gwada ta da lodi, ko wayam?

Bakanike: Wayam tukuna, Ringim zuwa Kano da dawowa. Ranar Lahadi ka yi lodin Gujungu ka ba mu labari.