Neman taimako: yaya zan kai Buxton da keke ba tare da na hau titin A6 ba?

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Ingila. Ina shirin yawon keke na kwana biyu a tsaunukan Peak District, ni da ɗana mai shekara tara. Sharaɗin mahaifiyarsa ɗaya ne: kada yaron ya haɗa hanya da mota.

Monsal Trail ta yi mana daidai. Tsohon layin dogo ne, kusan mil takwas da rabi daga Bakewell, ba hawa mai wahala, ga ramukan cikin dutse da aka buɗe a 2011, akwai fitilu a ciki. Matsalar ita ce hanyar ta ƙare a Blackwell Mill, ba ta shiga Buxton ba, inda za mu hau jirgin ƙasa zuwa Manchester. Bara na gwada A6, titin motar da ya haɗa wurin da garin Buxton, ni kaɗai. Titin matsattse ne, motocin ɗaukar duwatsu suna wucewa dab da kafaɗata har keke na rawa. Wallahi ba zan kai yaro wurin ba.

Akwai wanda ya san wata ɓarauniyar hanya? Ko dai mu haƙura mu koma High Peak Trail, wata hanyar keke a yankin, ta wajen da ake kira Parsley Hay? Allah ya saka da alheri.