Wai Prius C ce motar talaka?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Abin ya ishe ni, dole in amayar. Tunda na sayi Toyota Prius C ƙirar 2013, duk inda na faka sai wani ya ce na sayo wa kaina ciwon kai. Jiya a wurin ɗaurin aure har da mai cewa in fara tara kuɗin batir. To ku duba. Injinta lita 1.5 ne, ga batir yana taya shi aiki. A gosulo injin kashe kansa yake yi batir ya ja motar, in ka taka birki batirin ya sake ɗaukar caji. Ba a jona ta da wuta. A gwajin Amurka mil 50 take yi da galan ɗaya, kusan kilomita 21 a lita. Fetur kuwa kafin a cire tallafi a Mayun 2023 bai kai naira 200 ba, a ƙarshen 2024 ya haura 1,000. Ni dai na ce ita ce motar talaka a yanzu.

Ɗan Kwari: Wa'alaikumus salam. Malam, talaka fa ka ce? Talakan da ke lissafin kuɗin adaidaita sahu kafin ya fita da safe? Ka ji tsoron Allah.

Baban Khalifa: Alhaji, ma'aikaci nake nufi, mai albashi.

Ɗan Kwari: To ka ce ma'aikaci. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024. Wata nawa zai tara kafin ya haɗa miliyoyin da ake sayar da ita?

Malamin Firamare: Allah ya biya ka, Alhaji. Mu da ke cikin abin mu muka sani. Wanda ya iya sayen mota ko wace iri ce ya fita layinmu. Kada a riƙa ari bakinmu ana ci mana albasa.

Abu Hanifa: Kai Malam, ka yi tsauri. Akwai direban da motar ce kaɗai jarinsa, ranar da ta kwanta gidansa ba a ɗora tukunya. Shi ma ba talaka ba ne?

Malamin Firamare: Yana da abin sayarwa in ta ɓaci. Ni me zan sayar?

Maman Ilham: Don Allah yayyena a koma kan motar. Ina son in saya ne saboda kai yara makaranta. Yaya take da zafinmu na Afrilu da ƙurar hunturu?

Rewaya: Hajiya, kin yi tambayar da ta dace. Batirinta na ƙarƙashin kujerar baya, guntaye 20 ne aka jera, gaba ɗaya volt 144. Akwai ƴar fanka da ke zuƙo iska daga cikin motar tana sanyaya shi. Na taɓa buɗe wata na tarar ƙura da gashi da ɓawon gyaɗa sun toshe fankar kamar an danna auduga, batirin ya sha zafi har guntaye sun mutu. In za ki saya, a sa mata kwamfuta a duba ƙarfin kowane sashe na batirin tukuna, kada yara su riƙa toshe ramin iskar da jakunkuna, a riƙa wanke fankar. Ƙasanta kuma ba tsayi, in unguwarku akwai ramuka za ki riƙa jin tana gugar ƙasa.

Ɗan Kwari: Kun ji ko? Kwamfuta! Motar da sai an kira mai kwamfuta ita ce ta talaka?

Kawu Sale: Ni ƙanina ya ce Aqua ta fi ta, kuma ta fi sauƙin kuɗi.

Rewaya: Kawu, mota ɗaya ce. A Japan ake kiranta Aqua, a Amurka Prius C. Ta Japan sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma bin hannun dama, sai an juya sitiyari. Juyin nan ne ban yarda da shi ba.

Na Panteka: Ku a Kano ne ba ku iya ba. A kawo mana ita Panteka a ga aiki.

Rewaya: Wa ya ce ba mu iya ba? Kayan gyaran da kuke zuwa nema Ƙofar Ruwa fa?

Na Panteka: Mu da aka kafa wa kamfanin Peugeot a Kaduna tun 1975 za ku koya wa mota? Kowa ya san inda kanikawan Arewa suka yi wayo.

Abu Hanifa: Duk wannan ba shi ne ba. Wa ya jefa mu neman motar da ba ta shan mai? Waɗanda suka zaɓi masu cire tallafi suna nan cikinmu sun yi tsit.

Kawu Sale: Ɗana, ka iya bakinka. Manyan ƴan takarar 2023 duk sun ce za su cire, har da naka.

Abu Hanifa: Ba haka za su cire shi rana ɗaya ba, Kawu.

Baban Khalifa: Jama'a, ni maganar shan mai na kawo. Babu wanda ya musa lissafina har yanzu.

Malamin Firamare: Ka janye kalmar talaka tukuna, sai mu duba lissafi.

Baban Khalifa: Ba zan janye ba. Wanda ke auna fetur da galan kafin ya je gaida mahaifiyarsa a Gaya ba mai kuɗi ba ne.

Shugaban Zaure: To, dare ya yi, bari in taƙaita. Wasu sun tsaya a kan cewa Prius C ba motar talaka ba ce, Baban Khalifa kuwa bai janye ba. Masanin cikinmu ya tabbatar ƙura na iya toshe fankar batirinta in ba a wanke ta, kuma duba batirin sai da kwamfuta. Ni shekaru ina tuƙa Corolla ƙirar 2005, ko a ƙauye ta tsaya yaron makaniki zai tayar da ita, kayanta kuma ko'ina akwai. Hajiya Maman Ilham, shawarar zaure ita ce ki nemi Corolla mai tsafta. Maganar siyasa da ta Kano da Kaduna an rufe, wanda ya sake tayar da ita zan cire shi.