Ga ta nan, ga ta nanku: musayar waƙa daga Agege

Mai Goro, Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin da ya faru tsakanina da 'yata mai shekara 7 ne na sa a waƙa. Amsa-amon waje, wato gaɓar da ke rufe kowane baiti, "ya" ne, duk mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah na fara,
Shi ne Mai ba ni basira,
Ya sa harshena ya gyara,
In faɗi abin da ke zuciya.

Jiya aka ɗauke mana wuta,
Waya ta mutu, na ajiye ta,
Sai ga auta da buƙatarta:
"Baba, yi min tatsuniya."

Na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku,"
Na maimaita har sau uku,
Ba ta san amsa ba, 'yarku,
Haihuwar Ikko ce yarinya.

Na koya mata "ta zo mu ji ta,"
Na kamo ta Gizo, na ja ta,
A tsakiya sai na mance ta,
Kaina ya sunkuya don kunya.

Shekara 20 ina kan goro,
Na san huhu, na san mai ƙwaro,
Amma jiya na ji tsoro,
Gadon kaka ya zube a hanya.

Hajiya Mai Tuwo, Idi-Araba

Wa alaikumus salam. Na karanta ina gaban tukunya, sai da na ajiye muciya.

Ƙanena, share hawayenka,
Ba ka rasa gadon kakarka,
Yana nan kwance a ranka,
Kamar ruwa a cikin rijiya.

A Daura na tashi, gidan Inna,
In an yi isha'i mu zauna,
Mu goma har da ƙannena,
Ita ce tsaka, mu mun kewaya.

Da rana ba a yi, an hana,
Sai an ɗaure Gizo tukuna,
Mu tsige gashin ido, muna
Tsoron mu ɓace a tafiya.

Ta ba mu na Kusugu da maciji,
Sai Juma'a ake ɗiba, ka ji,
Bayajida ya kashe shi, ya zam miji
Ga Daurama, babbar sarauniya.

Uwata ta rasu ina ƙarama,
Ta marainiya ce na kama,
Ta sha wuya, ta samu girma,
Na ce ni ce wannan marainiya.

In an dake ni, in tuno ta,
In an hana ni, in tuno ta,
Har na yi aure ina tare da ita,
Da ita na jure wa kishiya.

Mai Albasa, Mile 12

Hajiya, kin taɓa min miki. Dā acaɓa nake yi a Obalende, har aka hana a watan Yunin 2022. Babur ɗin nan bashi na ci na saya.

Babur ya tafi, ga bashi,
Na kwanta na kasa tashi,
Ƙirji ya riƙe numfashi,
Na ɓoye wa kowa, har Iya.

Ran nan a bencin mai shayi,
Dattijo ya ce, "Sauke nauyi."
Na faɗa, raina ya yi sanyi,
Ranar na yi barci lafiya.

Faɗi na farko kuka ne,
Na biyar na ga ashe zango ne,
Fataucin kuwa dogo ne,
Ayari na nan bisa tafiya.

Ɗalibar Jinya, Yaba

Yaya Mai Albasa, abin da ka ji an taɓa gwada shi. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su rubuta abin da ya fi ƙona musu rai, minti 15 kullum, kwana 4 a jere. A watannin da suka biyo baya, zuwansu asibitin makaranta bai kai na waɗanda suka rubuta abubuwan yau da kullum ba. Baba Mai Goro kuma, tun tsakanin 1911 da 1913 wani Bature, Frank Edgar, ya tara tatsuniyoyinmu a littafi juzu'i 3, sai dai takarda ba ta iya muryar Gizo da tsamin bakinsa.

Yaya, abin da ka ji a jikinka,
Masana sun auna irin naka,
Ciwon da ya fito ta bakinka
Ba ya ƙara ruɓa a zuciya.

Amma in damuwar ta daɗe,
Ƙofar asibiti na buɗe,
Magani da hira a haɗe
Su ne ke kai mutum ga lafiya.

Malam, Alaba Rago

Allah Ya yi muku albarka. Ku duba aya ta 120 a Suratu Hudu, da aya ta 3 a Suratu Yusuf.

Allah Ya ba Manzo labarai
Na manzannin farko, ku ji dai,
Don zuciyarsa ta tabbata sosai
Sa'ad da Makka ta juya baya.

Mafi kyan ƙissa ta Yusufu ce,
Haƙuri a cikinta yake kwance,
Taskar Masar a hannunsa ta kasance,
Shi da aka jefa a rijiya.

Wasu na cewa a bar ta Gizo,
Wai ƙarya ce, ba ta sa ƙwazo,
Ni dai ban ga laifi ba in ta zo
Da dare, bayan an yi tilawa ɗaya.

Tatsuniya ba ta ruɗin kowa,
Ita da kanta take faɗawa,
In an zo wajen rufewa:
"Ba don Gizo ba da na yi ƙarya."

Mai Goro, Agege

Na gode, Allah Ya saka muku da alheri. Hajiya, maganarki ce ta ba ni ƙarfin gwiwa. Yau akwai wuta, amma da kaina na kashe ƙwan, na shimfiɗa tabarma. Ga yadda muka yi yanzun nan.

Na ce, "Auta, ƙarshen ya ɓace."
Ta ce, "Baba, bari ni in ce:
Gizo ya sauka Oshodi da maraice,
Aljihu wayam, ba ko ƙwaya.

Ya hau danfo ba kuɗin mota,
Kwandasta ya ce, kawo ta,
Ya ce, ai Ƙoƙi, matata,
Tana kujerar baya, za ta biya.

Ƙoƙi kuwa na gida tana daka,
Aka ce wa Gizo, sauka,
Wankin motar nan ne kuɗinka,
Ya wanke ta tas har da taya."

Ban taɓa jin wannan a gida ba,
Kakata ba ta san danfo ba,
Yarinya ta ƙaga ba a koya mata ba,
Idona ya cika, ina dariya.

Na koya mata "ƙurunƙus kan kusu,"
Ta ce ƙawayenta, gobe da su.
Na kira Gwaggo a waya don su,
Ta tuna min ƙarshen ta jiya.