Babi na 13 na Littafin Firistoci aka ba ni, ga Mama a layin gaba

Rifkatu: Jama'a ku taimaka. Zumuntar mata ce ta ba ni darasin ranar Alhamis a kan babin dokar kuturta, wadda za ta yi ta tafi biki, shugaba ta ce ni, na ce a ba wata, aka ce tun bara ban karɓa ba. Na riga na rubuta shafi huɗu a kan Maryamu 'yar'uwar Musa, yadda ta yi gulmarsa kuturta ta kama ta. Sai na tuna akwai wata Mama da ta yi cutar ta warke, amma ta rasa yatsu, kuma a gaba take zama. Yaya zan karanta inda aka ce kuturu ya yage tufafi yana ihu "marar tsarki"? Barci ya ƙi.

Baba Ishaku: 'Yata, fara gyara sunan cutar. Kalmar Ibrananci tsara'at ce, kuma ba ita ce kuturtar da asibiti ke magani ba, wadda Hansen ya gano ƙwayarta a Norwe a 1873. Duba alamun da firist ke nema: gashin wurin ya yi fari, tabon ya zarce fata zurfi, yana yaɗuwa. In ya yi shakka sai ya kulle mutum kwana 7, ya sake dubawa, ya ƙara 7. Kuturtar gaske ba ta sauya kama cikin mako biyu, shekaru take ɗauka. Babu maganar mutuwar jijiya ko zubar yatsu a babin. Aya ta 13 ma ta ce in fari ya rufe jiki duka, mutum tsarkakakke ne. Kuma abin yana kama rigar ulu da fata da bangon gida, kore ko ja-ja. Bango yana kuturta?

Malama Saratu: Duk da haka Baba, "kuturta" za a ji in an karanta. Rifkatu, sauya babi kawai. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu wa'azin da ke ɗora wa kowane ciwo zunubi. Sun san Maryamu da Gehazi baran annabi Elisha da sarki Azariya, waɗanda cutar ta kama saboda laifinsu, sun manta Ayuba, wanda abokansa suka yi masa wannan lissafin Allah ya tsawata musu.

Rifkatu: Ni ban ce zunubinta ba ne, Malama. Gulma ce ta addabe mu, shi ya sa na ɗauko Maryamu. Shafi huɗu fa.

Baba Ishaku: Kada ki sauya, ki wuce zuwa babi na 14, can naman yake. Firist ba ya ba da magani, dubawa yake yi. In mutum ya warke, firist ne ke fita bayan zangon Isra'ilawa wurinsa. A kawo tsuntsu biyu masu rai, itacen al'ul, jan zare da ɗaɗɗoya. A yanka ɗaya a kaskon ƙasa bisa ruwa mai gudu, a tsoma mai ran a jinin, a yayyafa wa mutumin sau 7, a saki tsuntsun ya tashi. Ya wanke tufafi, ya yi aski, ya yi wanka, ya shiga zango amma ya kwana 7 a wajen alfarwarsa. Rana ta 7 ya aske komai har gira. Rana ta 8 ya kawo 'yan raguna 2, tunkiya 1, gari da mai. A shafa jini a kunnen dama, babban yatsan hannun dama da na ƙafar dama, yadda aka yi wa Haruna da 'ya'yansa ranar keɓe su su zama firistoci. Talaka kuwa rago 1 da kurciya ko tattabara 2, da ɗan gari da mai, sun isa. Dokar ta tanadi hanyar dawowa har ga marar hali.

Yakubu: Baba, kada a shafe zafin abin. Azariya sarki ne, amma a keɓaɓɓen gida ya zauna har ya mutu, ɗansa Yotam ke riƙe fada. Kutare huɗun nan na 2 Sarakuna 7 a bakin ƙofar Samariya suke cikin yunwa. Kuma dole a faɗa wa mata cewa kuturtar yau tana warkewa da ƙwayoyi cikin wata 6 zuwa 12, kyauta, wanda ya gama sha ba ya harbin kowa. Annabi Ishaya ma bai ƙi magani ba, curin ɓaure ya sa aka ɗora wa sarki Hezekiya a maruru.

Malama Saratu: Kin yi magana da Maman kuwa? Ki je gidanta kafin Alhamis.

Baba Ishaku: In ta je ta nuna ta da yatsa ke nan. In lalle sai Maryamu, ki tsaya a Littafin Ƙidaya 12:15: jama'a ba su tashi daga zango ba sai da aka shigo da ita.

Rifkatu: Na gode Baba, zan sa ayar a ƙarshe. Amma tsuntsayen nan ba za su shiga minti ashirin ba, kuma shugaba ta riga ta ga rubutuna ta ce ya yi. Gidan Mama kuma da nisa. In na tsallake aya ta 45 da 46 kawai, na yage tufafi da keɓe kuturu, laifi ne?