Jar giyar inabi: da gaske tana gyara kolestarol da sukarin jini?

Malam Sani: Ana cewa kofi ɗaya na jar giyar inabi da abincin dare yana ƙara kolestarol mai kyau, yana kuma sauke sukari. Ni ban yarda a watsar da maganar ba. A Isra'ila an yi gwajin CASCADE, aka buga sakamakonsa a 2015: masu ciwon sukari nau'i na biyu su 224, an raba su uku, wasu jar giya, wasu farar giya, wasu ruwa, mililita 150 kowane dare har shekara biyu. HDL, wato kolestarol mai kyau, ya ƙaru a masu jar giya.

Dakta Hadiza: Ya ƙaru, Malam, amma da nawa? Kusan 2 mg/dL. Kuma HDL ya tashi a takardar gwaji ba shi ne zuciya ta tsira ba. Maganin torcetrapib ya ɗaga HDL fiye da kashi 60 cikin ɗari, amma a 2006 aka dakatar da gwajinsa saboda mace-mace sun fi yawa a cikin masu shansa. Wanda ke taruwa a bangon jijiya ya toshe ta shi ne LDL, wato kolestarol marar kyau, giya kuwa ba ta taɓa shi wani abin kirki. Ƙwayar statin tana rage shi kashi 30 zuwa 50. Sannan barasa tana ɗaga kitsen tirigilisaraid. Wanda nasa ya riga ya yi sama, ƙara masa wuta take yi.

Malam Sani: To Faransawa fa, Dakta? Ga cin kitse, ga ƙarancin ciwon zuciya. Masanin kimiyya Bafaranshe Serge Renaud ya danganta hakan da giyar inabi tun farkon shekarun 1990.

Dakta Bello: Wannan lura ce aka yi da jama'a, ba gwaji ba. Babban aibin irin waɗannan bincike yana cikin rukunin "marasa sha": an cusa masu dā suna sha, ciwo ya sa suka daina. Idan ka auna mai shan kaɗan da su, dole ya fito kamar ya fi lafiya. Da aka ware su, amfanin ya ragu ƙwarai. Shi kuma sinadarin resberatirol na ɓawon inabi da ake ta yabo, kofi guda da ƙyar ya wuce miligiram ɗaya ko biyu. Abin da aka ba ɓeraye a gwaje-gwaje, mutum sai ya sha ɗaruruwan kofuna a yini kafin ya kai.

Hajiya Rabi: Ku bar kolestarol tukuna, batun sukarin ne ya fi tayar mini da hankali. Eh, barasa tana sauke shi, amma ta mummunar hanya. Idan mutum yana barci, hanta ce ke ƙera sukari tana zubawa cikin jini kaɗan-kaɗan. Barasa na shiga, sai hanta ta koma narkar da ita, ƙirar sukari ta tsaya. Mai yin allurar insulin, ko mai shan ƙwayar ciwon sukari irin glibenclamide ko gliclazide, maganinsa bai san an tsaya ba, yana ta aikinsa. Sai tsakar dare sukari ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, wani lokaci har washegari. Gumi mai sanyi, makyarkyata, harshe ya yi nauyi, tafiya da tangaɗi: na kusa da shi zai ɗauka maye ne, ya bar shi ya kwanta. Allurar glucagon ma, wadda ake yi don ɗaga sukari cikin gaggawa, ba lalle ta yi aiki yadda ya kamata ba, don hantar take dogara da ita.

Malam Sani: Na yarda da haɗarin, Hajiya. Amma a gwajin nan sukarin safe ya sauka.

Dakta Hadiza: A masu farar giya ya sauka sosai, a masu jar kuwa bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba. Ka ga ba jan launin ba ne ke nan. Kuma mutanen da aka zaɓa sukarinsu a daidaite yake, likitoci na bin su, an ɗora kowa a kan tsarin abinci. Kofi irin wannan kusan giram 14 na barasa ne, kalori kusan 125, kuma a gida da wuya a tsaya a kan mililita 150. Tun 1988 aka sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo kansa, a 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin da za a kira marar illa. Wanda ba ya sha, kada ya fara da sunan magani.

Hajiya Rabi: Wanda kuma ya riga ya sha yana kan insulin, kada ya kwanta ciki ba komai. Ya auna sukari kafin barci, ya sake aunawa da safe. In ya gan shi ƙasa da 70, ya sha giram 15 na sukari a ruwa, kamar cokalin cin abinci ɗaya, ya jira minti 15 ya sake aunawa, sannan ya ci abinci mai sitaci. In ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefensa a garzaya asibiti.